Idan Ta Faɗa, Mu Ne Za Mu Fara Hukunta Ta

Daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba na kowace shekara ana yin kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata a duniya, mu ma nan arewacin Kamaru muna taɓawa. A ɗaura kyalle a bakin ƙofa, a raba riguna ruwan lemo, a tara ɗalibai a anfi, wato babban zauren lacca na jami'a, manya su zo su yi jawabi da Faransanci mai daɗin ji, a ɗauki hoto a watsa a Facebook. Saƙon kusan ɗaya ne kullum: 'yan mata, ku daina shiru, ku fito ku yi magana. Ban raina wannan ƙoƙari ba, domin a shekarun baya ko sunan abin ba a iya kamawa a bainar jama'a. Sai dai duk sanda na ji ana ce wa yarinya ta yi magana, nakan so in ɗaga hannu in yi tambaya. Ta gaya wa wa? In ta faɗa kuma, me zai same ta washegari?

Amsar tambaya ta biyu tana gidajenmu, mu iyaye maza.

Ku dubi yadda 'yar Bahaushe ko 'yar Bafillace daga Garwa, Gidar ko Kusiri take kaiwa jami'a. Kafin ta riƙe takardar bakaloriya ta tsallake manema, ta tsallake baffan da ya ce karatun mace ya isa haka, ta sha gorin maƙwabta cewa sa'o'inta duk suna ɗakin miji da goyo. Uwa ta zuba adashi aka haɗa sefa 50,000 na rajista, aka lallaɓa aka samo kuɗin ɗaki. Ran da za ta hau mota uban ya kira ta zaure ya yi mata nasiha, ya rufe da maganar da kusan kowannenmu ya taɓa faɗa: "In na ji wani abu a kanki, karatu ya ƙare, gida za ki dawo." Mu a ranmu kashedi muka yi don ta kama kanta. Ita kuwa abin da ta ƙulle a bakin zanenta shi ne, kowace irin masifa ta same ta, da laifinta ko babu, kada ta kuskura labari ya iso gida.

Kuma ba ta yi mana mummunar fahimta ba, domin ta ga an yi. Ta ga 'yar wane da aka dawo da ita tsakiyar shekara, kafin wata ya zagayo an ɗaura mata aure da wani dattijo can wani gari, ƙannenta mata kuma aka ce su ma daga lise, wato sakandare, sun gama. Saboda haka in ta yi shiru ba kanta kaɗai take karewa ba, har da karatun ƙannenta biyu ko uku da ke biye da ita. Wanda ke neman ta da lalata ya san wannan lissafi sarai. Shi ya sa ba ya jin tsoro.

Jami'ar Ngaundere, wadda ke Dang wajen kilomita 15 daga cikin gari, ta zama cikakkiyar jami'a a 1993. Ta Marwa an kafa ta a 2008, ta Garwa kuwa a 2022. Wato jiya-jiya ne karatun jami'a ya zo ƙofar gidanmu, yawancinmu iyaye ba mu taɓa zama a anfi ba, ba mu san yadda iko yake aiki a can ba. Bari in ɗan bayyana yadda abin ke tafiya. An kafe sakamako a allo, yarinya ta duba ta ga babu makinta a darasi guda, alhali ta rubuta jarrabawar. Sai ta rubuta takardar koke, wadda ɗalibai ke kira reket. Takardar nan a ƙarshe wajen malamin darasin za a nemi bayaninta. In mutumin kirki ne, kuma mafi yawansu mutanen kirki ne, ya duba ya gyara, magana ta ƙare. In kuwa da wata manufa ya ɓoye makin, sai ya ce ta same shi ofis da yamma. Ta je, ya ce yau mutane sun yi yawa, ta ba shi lambar waya. Daga nan sai saƙon dare, sai "takardarki tana gida, ki zo ki karɓa." A matakin mastar abin ya fi muni, domin ɗaliba ba ta kare memwar ɗinta, wato kundin bincikenta na kammala karatu, sai malamin da ke duba aikin ya sa hannu. Mutum guda yana riƙe da shekara guda ta rayuwarta a aljihun rigarsa, babu shaida, babu na uku. Wannan ba halin wata jami'a guda ba ne. Binciken da BBC ta fitar a 2019 ya nuna irinsa ƙarara a Legas da Akra, kuma duk inda aka bar maki a hannun mutum guda ba mai duba shi, za a samu wanda zai sa masa farashi.

Malami ma ba shi kaɗai ba ne, kuma ina zaton ba shi ya fi yawa ba. Akwai ɗalibin da ya riga ta shiga, ya taya ta rajista ya nema mata ɗaki, yanzu yana ganin yana bin ta bashi. Akwai mai minisite, wato gidan hayar ɗalibai, da ke riƙe da makulli na biyu. Akwai mai moto da ya ɗauko ta bayan darasi ya kai dare, ya ratse hanya. Akwai saurayin da take so da aure, wanda ya kulle ƙofa ran da ta je gaishe shi da jiki, ya kuma ɗauki hoto a waya don ya riƙe ta da shi. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuyar faɗa, domin ta san tambayar farko da za a yi mata: me ya kai ki ɗakinsa? Samari ma abin yana samunsu, su kam ko kyallen bakin ƙofa ba ya ambatonsu.

Doka ba ta yi shiru ba, mu ne ba mu karanta ta ba. Kundin hukunta laifuffuka na Kamaru da aka sabunta ranar 12 ga Yuli 2016 ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda ya yi fyaɗe, a sashe na 296, kuma ana ninka hukuncin idan mai laifin yana da iko a kan wadda ya cuta. Sashe na 302-1, wanda sabo ne a kundin, ya yi magana kan wanda ya yi amfani da muƙaminsa ya matsa wa wani da barazana ko umarni don neman lalata: wata 6 zuwa shekara 1, da tarar sefa 100,000 zuwa 1,000,000. In kuwa shi ne aka damƙa wa karatun wadda ya matsa wa, ɗaurin ya tashi zuwa shekara 3 zuwa 5. Ku lura, ba sai ya taɓa jikinta ba. Riƙe makin da saƙonnin daren sun isa laifi. Ɗalibai nawa ne suka san haka? Da ni ne mai shirya taron wayar da kai, wannan sashe zan buga da manyan baƙaƙe in manna a ƙofar kowane ofis, inda malami zai gan shi kullum safiya, maimakon in yi ta gaya wa 'yan mata su rage yawon dare.

Akwai kuma sashe na 297, wanda ya shafe mu kai tsaye. A da, in wanda ya yi fyaɗe ya auri yarinyar, shari'a takan mutu. Tun 2016 an toshe wannan ƙofa, aure ba ya goge laifin. Amma a unguwanni har gobe wannan shi ne sulhun da muka fi so. Dangin yaro su zo da goro da ban haƙuri, a kira mai unguwa da liman, a ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, a rufa wa juna asiri. In yaron ɗan gida ne a ce ya aure ta. In malami ne ko ɗan manya, a ce a bar wa Allah, ba a ja da mai ƙarfi. A duk zaman nan yarinyar tana ƙuryar ɗaki, ba wanda ya tambaye ta abin da take so. Asirin da aka rufa na wanda ya yi ɓarnar ne, shi zai koma aji ranar Litinin. Ita kuwa unguwa ta riga ta sani.

Ana jingina wannan shiru ga addini, ni kuwa ban ga inda addini ya ce haka ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 148, Allah Ya ce ba Ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Wato wadda aka cuta an ba ta izinin ɗaga murya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin matar da wani ya auka wa a hanyarta ta zuwa salla a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta yi kururuwa, ta gaya wa mutanen da suka zo wucewa, magana ta kai gabansa. Bai tambaye ta me ya fito da ita ita kaɗai ba. Ya sallame ta ba tare da ɗora mata laifi ba, hukunci ya hau kan namijin. Malamanmu sun san wannan ruwaya sarai, sun kuma san wadda aka tilasta ba ta da zunubi. Abin da nake roƙo shi ne a faɗe shi a kan mumbari ranar Juma'a, da Hausa da Fillanci, inda iyaye maza suke zaune. Huɗuba guda a babban masallacin Garwa ko na Marwa za ta shiga kunnen da taron anfi goma ba zai kai ba. Haka su ma fastoci da limaman coci, domin 'yar Tupuri da 'yar Mundang irin wannan tsoron gida suke ji.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kuma kusan ba a faɗarsa a tarukan nan. Fyaɗe yana da agogo. Akwai maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙwayar cutar sida bayan an yi masa fyaɗe, amma sai an fara shan sa cikin awa 72, a ci gaba har kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki ne cikin kwana 5, shi ma ya fi ƙarfi a kwanakin farko. Akwai rigakafin ciwon hanta da maganin sauran cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Shaidar likita kuma, wadda kotu za ta nema in an kai ƙara, ta fi nauyi idan an duba yarinya tun raunukan ba su warke ba. In da hali kada ta yi wanka kafin a duba ta, in ta canza kaya a ajiye waɗanda ta cire ba a wanke ba, a cikin takarda ko zane mai tsabta, ba leda ba. Saƙonnin waya kada a goge ko ɗaya, komai ƙazantarsu. In ma ta riga ta yi wanka, ta je asibitin haka nan. Kuma zuwa asibiti bai wajabta mata kai ƙara ba, wannan shawara ce da za ta yanke daga baya, in hankalinta ya dawo jikinta.

Na ga yadda ake kashe waɗannan awoyi a gidan wani na kusa da ni. 'Yarsa tana karatu a wata jami'a, ba sai na kama suna ba. Abin ya faru da dare, sai da rana ta yi ƙawarta ta daure ta kira uwar. Uwar ta kasa gaya wa uban, ta kira yayarta. Yayar ta ce a jira baffa ya dawo daga kasuwar ƙauye. Da uban ya ji, abin da ya fara fitowa bakinsa a waya shi ne, "Ke da wa? Me kika je yi?" Yarinyar ta kashe wayar. Aka turo ta gida a mota, aka zauna taron dangi, aka yi ta kai gwauro ana kai mari kan ko a je gidan su yaron ko a yi shiru. Wata gwaggo ta dafa ruwan zafi da bagaruwa ta ce a gasa mata jiki. Sanda wani ya tuna da asibiti, ma'aikaciyar jinyar ta ƙirga kwanaki da yatsu, ta girgiza kai. Mutumin nan yana son 'yarsa kamar ransa, na san shi. Ba wanda ya taɓa gaya masa akwai awa 72, kuma ba wanda ya taɓa koya masa cewa kalmar farko ita ce, "Kina ina? Ba laifinki ba ne. Ku tafi asibiti yanzu, ga ni nan zuwa." Yarinyar ba ta koma makaranta ba.

To, ina jami'a a cikin wannan? Ita ce ta tara dubban matasa nesa da iyayensu, nauyin amsa tambayar "ta gaya wa wa" a wuyanta yake. A ganina ba wani babban gini ake buƙata ba. Ɗaki guda ne, da mace mai horo a ciki, da lambar waya da ake ɗagawa ko ƙarfe biyun dare, da yarjejeniya da asibiti mafi kusa cewa duk ɗalibar da aka kawo za a ba ta magani da shaidar likita ba tare da an ce ta kawo kuɗi tukuna ba. Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa: kada ɗakin nan ya zama a ƙarƙashin tsangayar da ake ƙara. Ba a kai ƙarar kura wajen 'yar'uwarta. In shugaban sashe abokin cin abincin wanda ake zargi ne, ko shi ne ya duba digirinsa, yarinya ta san inda kokenta zai kwana. Daga ranar da ɗaliba ta kai ƙorafi kan malami, a cire takardunta daga hannunsa, wani ya duba jarrabawarta, a canza mata mai duba memwar. In ta rasa jarrabawa saboda jinya ko zaryar ofishin jandarma, a ba ta damar sakewa. Ko wannan kaɗai aka yi, an karya rabin makamin da ake tsorata ta da shi. A ƙarshen shekara kuma jami'a ta fito ta faɗi ƙorafi nawa ta karɓa da nawa aka hukunta, ba sai da sunaye ba. In ta ce ko ɗaya ba ta samu ba, to ɗakin ne ba a yarda da shi ba.

A tuna da ɗaliban Cadi, waɗanda suke da yawa a Dang da Marwa. Wadda iyayenta ke Njamena ko Mundu, ba ta da baffa a gari, tana kuma jin tsoron ofishin 'yan sanda saboda ita baƙuwa ce, ta fi kowa zama a fili. Su kuwa 'yan Cadi sun san abin da fitowa fili ke iya yi. A Fabrairu 2016, da wasu samari, ciki har da 'ya'yan manyan jami'an gwamnati, suka yi wa wata ɗalibar lise fyaɗe a Njamena suka watsa hotunanta a intanet, ɗalibai ne suka cika tituna har aka kama su, kotu kuma ta ɗaure su. Abin lura a wannan shari'a, yarinyar ta tsaya ta yi magana da bakinta, iyalinta kuma ba su ɓoye ta ba.

Na san abin da wasu malamai za su ce: in aka buɗe wannan ƙofa, duk ɗalibar da ta faɗi jarrabawa za ta ƙulla wa mutum sharri. Sharri yana yiwuwa, kuma zubar da mutuncin mutumin kirki ba ƙaramin abu ba ne. Amma maganinsa bincike ne na gaskiya, a ji kowane ɓangare, a duba saƙonni, a sa wani ya sake duba takardar jarrabawa. Malami mai gaskiya shi ya fi kowa cin ribar irin wannan tsari, domin yanzu da babu shi jita-jita ce ke yanke hukunci a minisite, kuma ba ta bambanta mai laifi da marar laifi. Sannan a yi adalci wajen lissafi. A wurinmu nan, yarinyar da ta ce an yi mata fyaɗe ta sa aurenta, karatunta da sunan gidansu a kan faifai. Wadda za ta yi haka don maki 2 a kan 20 ba ta da yawa. Masu cewa shigar 'yan mata ce ke jawowa kuwa, su je su tambayi matan da ke aikin taimakon waɗanda aka yi wa fyaɗe. Za su ji labarin masu hijabi har ƙasa, da na yara 'yan firamare.

Matan nan suna kusa da mu. Reshen arewa mai nisa na ƙungiyar ALVF, mai yaƙi da cin zarafin mata, yana Marwa tun 1996, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Aissa Doumara Ngatansou, ita ce ta fara karɓar lambar yabo ta Simone Veil a Faransa a 2019. Marthe Wandou, wadda ta kafa ƙungiyar ALDEPA, ta karɓi lambar Right Livelihood a 2021 saboda aikin kare yara mata a wannan yanki namu. Turawa sun san su, sun kira su sun karrama su. Matan sun shekara da shekaru suna raka yara asibiti da kotu, suna zama da iyaye har su sauko. Jami'a ba sai ta ƙirƙiro komai daga farko ba, ta kira su su horar da wadda za ta zauna a ɗakin, su kuma horar da 'yan ɗalibai mata a kowace minisite, domin kusan kullum ƙawa ce take fara ji, kuma abin da ta yi a awa ta farko shi ke yanke sauran.

Wani abu kuma da ya kamata hukumomin ilimi su daina: sauya wa mai laifi wurin aiki a kira shi hukunci. An ɗauke shi daga nan an kai shi can, takardarsa fes, ya sami sabbin ɗalibai da ba su san shi ba. Abin ya fi tayar mini da hankali idan na tuna cewa a Marwa akwai babbar makarantar horon malamai, wadda ɗalibanta ke fita su zama malaman lise. Saurayin da ya shekara uku ko biyar yana kallon yadda ake sayen maki da jiki ba a yi wa kowa komai ba, gobe shi za a tura Mokolo, Yagwa ko Collire, a ba shi alli da jan biro, da aji cike da 'yan mata masu shekara 14 waɗanda iyayensu suka riga suka gaya musu cewa in aka ji wani abu a kansu, karatu ya ƙare.